Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Raddi ga Masu Neman a Sallami Thévenin Daga Aji

Yau da gardama na zo, kuma ku nake so ku yi alƙalanci.

A zaman da muka yi na sake duba tsarin karatun shekarar farko ta lisansi, wani abokin aikina, mutum mai ilimi wanda nake ganin girmansa, ya kawo shawarar a rage sa'o'in da ake kashewa kan ƙa'idojin warware kewayen lantarki, wato ƙa'idar ɗori da ta Thévenin da ta Norton da ƴan'uwansu, a mayar da sa'o'in ga koyar da manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon kewaye. Hujjarsa ita ce waɗannan ƙa'idoji dabarun mutanen da ba su da injin lissafi ne. A yau, in ji shi, ɗalibi zai zana kewaye a fuskar kwamfuta, ya danna maɓalli, amsa ta fito kafin ya ƙifta ido. To don me za a wahalar da shi da kashe tushe da haɗa turjiya a takarda? Na ga kawuna da yawa sun gyaɗa. Na ce ban yarda ba, amma lokaci ya ƙure, aka ɗage maganar zuwa zama na gaba. Ga cikakkiyar amsata, na rubuta ta inda ɗaliban da abin zai shafa za su iya karantawa.

Mu daidaita kalmomi tukuna

Don kada gardamar ta koma ta kurame, ga abin da nake nufi da kowace kalma. Matsi shi ne abin da ake aunawa da bolt. Kwarara ita ce abin da ake aunawa da amfiya. Turjiya ana auna ta da om, abin da ke yin ta kuma maturji ne, wanda masu gyara ke kira rezista. Ƙarfin aiki ana auna shi da wat. Lodi shi ne duk abin da aka jona don ya sha wuta, ko fitila ko fanka ko firji. Kewaye miƙaƙƙe kuwa shi ne wanda idan ka ninka dukkan tushensa sau biyu, kowace kwarara da kowane matsi da ke cikinsa su ninku sau biyu, ba ƙari ba ragi. Ku riƙe wannan ta ƙarshe da kyau, domin a kanta ginin ya tsaya gaba ɗaya.

Abin da ake son a kora

Georg Ohm ya wallafa dokarsa a 1827. Gustav Kirchhoff ya fitar da dokokinsa biyu a 1845, yana ɗalibi mai shekara 21 a Jamus: abin da ya kwararo cikin mahaɗa shi zai fita daga cikinta, kuma jimillar matsi a zagaye rufaffe sifili ce. Da waɗannan kaɗai ana iya warware kowane kewaye miƙaƙƙe, in dai mutum yana da haƙurin warware tarin lissafi. Ƙa'idojin da muke magana a kansu ƴaƴan waɗannan dokoki ne.

Hermann von Helmholtz ya riga kowa a 1853, a cikin binciken da ya yi kan yadda lantarki ke rarrabuwa a cikin jikin da ke ɗaukarsa, har da na dabbobi. A 1883 wani injiniyan tangaraho ɗan Faransa, Léon Charles Thévenin, yana da shekara 26, ya sake gano ƙa'idar da kansa ya wallafa ta, sunansa kuma ya bi ta. Ga abin da ta ce: duk kewayen da yake miƙaƙƙe, komai yawan batura da maturzan da ke cikinsa, idan ka tsaya a bakinsa biyu ka dube shi daga waje, ba za ka iya bambanta shi da tushen matsi guda ɗaya da turjiya guda ɗaya a jere ba. Matsin shi ne wanda za ka auna a bakin biyu in ba a jona komai ba. Turjiyar kuma ita ce wadda za ka gani daga bakin idan ka kashe tushe masu zaman kansu, ka sa waya a gurbin tushen matsi, ka yanke tushen kwarara. A 1926 Edward Norton na ɗakin binciken Bell a Amurka da Hans Ferdinand Mayer na kamfanin Siemens a Jamus, kowa a nasa gefen, suka nuna ɗaya fuskar: ana iya sa tushen kwarara guda da wannan turjiyar a kafaɗarsa, sakamako ya zama ɗaya.

Ga misali ƙarami. Batir mai bolt 12, an jona masa maturji mai om 6 da wani mai om 3 a jere, mu kuma mun tsaya a bakin mai om 3. In ba a jona komai ba, matsin da ke nan shi ne 12 × 3 ÷ 9, wato bolt 4. In aka sa waya a gurbin batir, maturzan biyu sun koma kafaɗa da kafaɗa, turjiyarsu 6 × 3 ÷ 9, wato om 2. Shi ke nan: bolt 4 da om 2. Kawo lodi mai om 2, kwarara amfiya 1 ce. Kawo mai om 6, rabin amfiya ce. Haɗe bakin biyu da waya, amfiya 2 ce, ita ce kuma kwararar Norton. Lodi dubu za ka kawo, rabawa ɗaya ta ishi kowanne.

Hujja ta farko: ita kanta kwamfutar da su take aiki

Abokina yana magana kamar manhajar wata hanya ce dabam da ta tsallake waɗannan ƙa'idoji. Tarihinta bai goyi bayansa ba. Yawancin manhajojin kwaikwayon kewaye da ɗalibanmu ke saukewa jikokin SPICE ne, wadda Laurence Nagel ya rubuta ƙarƙashin kulawar Donald Pederson a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, aka gabatar da ita a 1973. Abin da take yi shi ne ta rubuta dokar Kirchhoff a kowace mahaɗa, ta warware lissafin. Idan ta ci karo da abin da ba miƙaƙƙe ba, kamar diyod ko taransista, ba ta da wata dabara illa ta yi hasashen inda yake aiki, ta musanya shi da turjiya da tushen kwarara a kafaɗarta, ta warware, ta gyara hasashen, ta sake, har amsa ta daina motsi. Turjiya da tushen kwarara a kafaɗarta, mene ne sunansu? Kewayen Norton ke nan. Saboda haka ɗalibin da aka hana shi Norton aka ba shi manhaja an ba shi doki ne ba linzami. Ranar da manhajar ta ce ta kasa kaiwa ga amsa, ko ta fitar da adadin da hankali ba zai ɗauka ba saboda an manta an jona wata mahaɗa, ba shi da abin yi sai kallo.

Hujja ta biyu: amsa ɗaya da fahimta ba ɗaya ba ne

Ka ba kwamfuta kewaye guda, ta ba ka adadi guda. Ka canza lodi, ka sake tambaya. Tana da sauri, ba na musu, amma ba ta gaya maka dalili. Adadi biyu na Thévenin kuwa suna gaya maka halin tushen gaba ɗaya: iyakar matsin da zai bayar, iyakar kwararar da za ta fita daga cikinsa, da yadda matsinsa zai riƙa faɗuwa gwargwadon nauyin da ka ɗora masa. Wanda ya san su yana iya ƙera abu. Wanda bai san su ba gwaje-gwaje kawai zai yi ta yi, ya canza wannan ya canza wancan, ko Allah zai sa a dace.

Ku dubi mitar da kuke auna matsi da ita. Ɗauki maturza biyu, kowanne om miliyan 10, a jere a kan bolt 10. Lissafi ya ce tsakiyarsu bolt 5 ne. Ka sa mitarka, wadda turjiyar cikinta om miliyan 10 ce kamar yawancin mitocin hannu na zamani, sai ta nuna 3,33. Ɗalibi zai ce mita ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Daga inda mitar ta tsaya, tushen bolt 5 ne da turjiya om miliyan 5, ita kuma mitar lodi ce kamar kowane lodi, rabonta 5 × 10 ÷ 15. A kwamfuta ba za ka taɓa ganin wannan ba sai in kai ne ka tuna ka zana mitar a cikin kewayen, kuma ba za ka tuna ba sai in an koya maka tunani irin na Thévenin.

Hujja ta uku: abin da ba shi da zane

Wannan ita ce mafi nauyi a wurina. Manhaja tana buƙatar zane. Yawancin abubuwan da ɗalibanmu za su taras a wurin aiki ba su zo da zane ba. Wa zai ba ka zanen abin da ke cikin batirin da aka sayo a kasuwa? Ƙa'idar Thévenin ta ce ba ka buƙatarsa: awo biyu a bakinsa sun isa.

Batir mai bolt 12 da ya cika yakan nuna kimanin 12,6 in ba a jona masa komai ba. Ka ja amfiya 20 daga cikinsa, ka ga ya sauka zuwa 12,2. Faɗuwar 0,4 ce, ka raba da 20, turjiyar cikinsa da mahaɗansa om 0,02 ke nan. Wani batirin, tsoho da aka wanke aka goge, shi ma zai iya nuna maka 12,6 in an cika shi, amma da ka ja amfiya 20 sai ya faɗi zuwa 10,6. Turjiyarsa om 0,1, ninki biyar na ta farko. Mai saye da ya tsaya a kan awo ɗaya, wanda mai sayarwa ke yi masa a gabansa da mita ba tare da lodi ba, rabin labari ya ji, ya biya kuɗin cikakke. Gaskiya ne batir ba miƙaƙƙe ba ne sak, domin halinsa na canzawa da zafi da yawan cajin da ya rage. Amma na ɗan lokaci, a iyakar kwarara madaidaiciya, kwatancin yana aiki sosai. Waɗannan adadi biyu kuma su ne za su gaya maka cewa in sifana ta faɗa ta haɗe kawunan batirin mai kyau, abin da zai bi ta cikinta ya kai 12,6 ÷ 0,02, wato amfiya 630. Wanda ya yi wannan rabawar sau ɗaya ba ya ajiye ƙarfe a kan batir, kuma ba ya jona shi ba fiyus.

Wani tsohon ɗalibina ya taɓa kirana kan shagon wani tela da aka sa wa wutar sola. Da zarar an jona dutsen guga mai wat 1000, sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Wanda ya yi aikin ya ce batir ne ya mutu. Tela ya ciyo bashi ya sayi sabo, abu bai canza ba. Na tambayi ɗalibin abu biyu: nisan batir da inbata, da kaurin wayar. Ya ce mita 5, waya mai milimita murabba'i 6. Tagulla tana da turjiya kusan om 0,0175 a kowace mita in kaurinta milimita murabba'i 1 ne. Zuwa da dawowa mita 10 ke nan, saboda haka turjiyar wayar 0,0175 × 10 ÷ 6, kusan om 0,029. Haɗa da 0,02 na batir, abin da inbata ke gani shi ne bolt 12,6 da om 0,049. Iyakar ƙarfin aikin da irin wannan tushe zai iya miƙawa shi ne matsi sau matsi a raba da ninki huɗu na turjiya: 12,6 × 12,6 ÷ 0,196, kusan wat 800. Ko da inbatar ba ta ɓarnar komai, ko da ba ta ɗaukewa in matsi ya faɗi, wat 1000 ba zai taɓa bi ta wannan waya ba. Da an matso da batir zuwa mita 1 aka sa waya mai kauri 25, iyakar ta haura wat 1800. Da tun farko an yi tsarin a kan bolt 24, batura biyu a jere, wannan siririyar wayar ma da ta ba da iyakar kusan wat 2300. Lissafin bai kai minti uku ba a bayan ambulan. Rashinsa ya ci wa tela kuɗin batir.

Kada a ce wannan aikin ƙananan ma'aikata ne. Injiniyan da zai zaɓi na'urar katse wuta a tashar da ke kan layin kilobolt 132 da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai dole ya san yawan kwararar da za ta ɓarke in wayoyi suka haɗu a wurin. Hanyar da ma'aunin ƙasa da ƙasa IEC 60909 ya shimfiɗa ita ce a dunƙule dukkan tsarin da ke baya, da injunansa da taransifomominsa da layukansa, ya koma tushe guda da turjiya guda a wurin da aka samu matsalar. Tun da Charles Steinmetz ya nuna a 1893 yadda ake lissafin wuta mai kai-da-komo da lambobi masu sassa biyu, waɗannan ƙa'idoji suka bi ta can ma ba tare da sun canza sura ba. Tsakanin batirin tela da layin da ke ciyar da babban birni, tunanin guda ne.

Inda abokina yake da gaskiya

Zan yi ƙarya in na ce ba shi da abin kamawa. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya gani a azuzuwanmu, wanda ya sa ya yanke ƙauna, ni ma na gan shi: karatun aku. Muna rubuta ƙa'ida a allo, mu jera matakai, ɗalibi ya haddace, ya zubo a jarrabawa, ya manta. Muna ba su kewaye mai zagaye biyar su warware da hannu, su kwashe rabin sa'a suna ninkawa da ɗebewa, mu kira wannan zurfin ilimi. Mafi muni, muna koyar da ƙa'ida ba tare da sharaɗinta ba, alhali ƙa'idar da aka raba da sharaɗinta wuƙa ce a hannun yaro. Ga kurakurai huɗu da nake tsinta a takardun ɗalibai kowace shekara, kuma laifinmu ne mu malamai kafin ya zama nasu.

Na farko ya shafi ƙa'idar ɗori, wadda ta ce in tushe ya fi ɗaya, ka lissafa abin da kowanne ke haifarwa shi kaɗai, sauran a kashe, sannan ka tara. Wannan daidai ne ga matsi da kwarara. Ga ƙarfin aiki kuwa ba ya yiwuwa. A ce tushe biyu, kowanne shi kaɗai yana tura amfiya 1 ta fuska ɗaya cikin maturji mai om 10. Ɗalibi zai ce wat 10 da wat 10, wat 20, ya sayo maturjin da zai jure wannan. Gaskiyar ita ce kwarara amfiya 2 ce, ƙarfin aiki kuma 2 × 2 × 10, wat 40. Maturjin zai ƙone.

Na biyu shi ne ɗaukar kewayen Thévenin a matsayin hoton abin da ke ciki. Koma ga misalinmu na farko. In ba a jona lodi ba, kewayen Thévenin ba ya cin komai, domin ba abin da ke kwarara. Na Norton yana cin 2 × 2 × 2, wat 8. Kewayen asali kuwa yana cin 12 × 12 ÷ 9, wat 16, batirinsa yana ƙarewa ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Amsa uku mabambanta daga kewaye uku da muka ce daidai suke. Daidai suke ga wanda ke waje kawai. Thévenin bai taɓa yi wa kowa alkawarin abin da ke bayan ƙofa ba.

Na uku shi ne mafi haɗari, kuma ya shafi ƙa'idar mafi yawan ƙarfin aiki, wadda ake dangantawa da Moritz von Jacobi wajen 1840. Ta ce in tushe yana da turjiyar da ba ka da ikon canzawa, lodin da zai fi kowane tatsar ƙarfi daga gare shi shi ne wanda turjiyarsa ta yi daidai da ta tushen. Ɗalibai suna fita da tunanin cewa daidaita turjiya shi ne burin kowane aiki. Sun manta, ko ba mu gaya musu ba, cewa a wannan matsayi rabin ƙarfin a cikin tushen yake ƙonewa. Gwada shi da batirinmu mai kyau: lodi mai om 0,02, kwarara amfiya 315, kusan wat 2000 a lodi, wani kusan wat 2000 kuma a cikin batir da mahaɗansa, suna dafuwa. Wannan ruɗu tsoho ne. A ƙarni na 19 akwai masana da suka ɗauka injin lantarki ba zai taɓa wuce rabi a inganci ba, har sai da Thomas Edison da mataimakinsa Francis Upton, wajen 1880, suka ƙera janareta mai ƙaramar turjiyar ciki wanda ya zarce rabi nesa ba kusa ba. Wurin daidaita turjiya shi ne inda sigina take da rauni kuma ana son a kwashe ta duka, kamar tsakanin eriya da rediyo, inda ake amfani da wayoyi masu om 50 ko 75. A wurin rarraba wuta kuwa, so ake turjiyar tushe ta yi ƙasa iyakar iko. Ku lura da yadda na yi amfani da ƙa'idar a shagon tela: don in san rufin da ba za a iya wucewa ba, ba don in kai aikin can ba.

Na huɗu shi ne manta sharaɗin miƙewa. Ɗauki farantin sola mai wat 100, ka karanta takardar da ke bayansa. Za ka ga adadi irin waɗannan: matsi a buɗe kusan bolt 22, kwarara a haɗe kusan amfiya 6. Ɗalibin da ya haddace matakai zai raba 22 da 6 ya ce ga turjiyar Thévenin, ya lissafa iyakar ƙarfi 22 × 6 ÷ 4, wat 33. Amma takardar ta ce farantin yana ba da kusan amfiya 5,6 a kan bolt 18, wato wat 100. Ina ninki uku ya fito? Farantin sola diyod ne mai faɗi, dangantakar matsinsa da kwarararsa lanƙwasa ce, ba layi miƙaƙƙe ba, saboda haka ƙa'idar ba ta hau kansa ba tun farko. Shi ya sa na'urar caji mai bin matsayin mafi yawan ƙarfi take yini tana laluben wurin, domin yana motsi da rana da zafi. Ɗalibin da ya san dalilin da ya sa Thévenin ya kasa a nan ya fi sanin Thévenin fiye da wanda ya warware tambaya ɗari a littafi.

To amma ku dubi waɗannan kurakurai huɗu da kyau. Wanne ne daga cikinsu rage sa'o'i zai gyara? Babu. Kowannensu ciwon ƙarancin fahimta ne, kuma shawarar abokina ita ce a ƙara rage abin da ya yi ƙaranci. In muka bi ta, mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago: a da muna da ɗalibin da ya haddace ƙa'ida bai gane ta ba, nan gaba za mu samu wanda yake karɓar duk abin da fuskar kwamfuta ta nuna masa, ba shi ma da abin da zai auna shi da shi.

Abin da zan kai zama na gaba

Ina goyon bayan a koyar da manhaja, tun daga shekarar farko ma. Sa'o'inta su fito daga inda ya kamata: daga dogayen lissafin zagaye huɗu da biyar da ake yi da hannu, waɗanda aikin inji ne tun asali. Ƙa'idar Millman ta 1940 da juyin tauraro zuwa alwatika na Arthur Kennelly na 1899 ana iya taƙaita su, a nuna su a matsayin rassa, a dawo kan na biyun in an iso wuta mai layi uku. Ɗori da Thévenin da Norton da ƙa'idar mafi yawan ƙarfi kuwa a bar musu sa'o'insu, a canza yadda ake cika su. Kowace ƙa'ida ta zo da sharaɗinta, da misalin inda take karyewa. Kowane ɗalibi ya riƙe mita da hannunsa ya fitar da adadi biyu na tushen da bai san cikinsa ba. Kada a bar kowa ya kunna kwamfuta sai ya rubuta a takarda abin da yake tsammanin za ta nuna, da dalilinsa. In suka saɓa, ya nemo wanda ya yi kuskure tsakaninsa da ita. A jarrabawa kuma a riƙa sa tambayar da amsarta ita ce: wannan ƙa'ida ba ta aiki a nan, ga dalili.

Ku kuma ɗalibai, ga aikin wannan mako. Nemi batirin mota ko na sola mai bolt 12, da mita, da ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, wanda ke jan kusan amfiya 4,5. Auna matsi a kawunan batir kafin ka jona ƙwan, ka sake aunawa yana ci, ka auna kwararar in mitarka tana iyawa. Fitar da turjiyar cikinsa. Daga nan ka lissafa, a takarda kawai, abin da zai kwarara in an haɗe kawunansa. Kada wanda ya kuskura ya gwada wannan da waya. Maimaita da wani batirin da ya tsufa, ka kwatanta su, ka zo mini da adadinka da bayanin abin da za ka gaya wa mai son saye.

Abokina kuwa na aika masa wannan rubutu kafin in fitar da shi, na kuma gaya masa in ya rubuto raddi zan sa shi a nan yadda ya zo, ba zan taɓa ko wasali ba. Tambaya ɗaya nake roƙon ya fara amsawa: ranar da ɗalibinsa ya tsaya a shagon tela, da mita a hannu, ba zane ba kwamfuta, me zai gaya wa telan?

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.